Ina ya tsaya yau?

Baba ba ya tambayata yadda na kwana. Idan na tashi daga aikin dare na biya ta gidansa a Agege, kafin in gama cire takalmi zan ji muryarsa daga kan tabarma: "Ina ya tsaya yau?" Titi yake nufi. Shekara 31 ya yi yana jan tirela tsakanin Kano da Legas kafin ciwon ido ya sauke shi daga kan mota, kuma har yau idan ya rufe ido zai lissafa maka hanya gari bayan gari, Zariya, Kaduna, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilorin, Ogbomoso, Oyo, Ibadan, har da inda rami yake a zamaninsa da inda ake sayar da tuwo mai kyau. Ni kuwa 'yarsa ko sitiyari ban iya riƙewa ba, amma abincina a titi yake. Ina aiki a ɗakin sa ido kan zirga-zirgar motoci a nan Legas tun 2019.

Mutane da yawa idan na faɗa musu aikina sai su ce, to ashe kallon talabijin ake biyanki. Ba na musu. Ɗaki ne mai sanyin tsiya, saboda na'urori ba sa son zafi, don haka a Legas ɗin nan da mutane ke gumi tun asuba ni da rigar sanyi nake zuwa aiki. Bango guda allo ne, an yanka shi gida-gida, kowane gida da kyamararsa. A gabana akwai ƙananan alluna, da sandar juya kyamara, da oba-oba, da waya, da babban littafin da muke rubuta duk abin da ya faru da lokacin da ya faru. Ba ni da ikon matsar da ko keke. Abin da nake iyawa shi ne in gani, in kira wanda zai je, in rubuta, in kuma tura labari ga masu sanar da jama'a, kamar gidan rediyon zirga-zirga da ke kan mita 96.1. Shi ke nan. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma mu a ɗakin nan hange kawai muke yi.

Duk wanda ya san Legas ya san numfashinta. Da safe gari yana zuƙar mutane zuwa tsibiri, inda ofisoshi da bankuna da manyan kasuwanni suke, da yamma ya amayo su. Gadoji uku ne ke ɗauke da wannan nauyi daga babban yanki: Carter, Eko, da Third Mainland wadda Babangida ya buɗe a 1990, mai tsawon kilomita 11.8. A allo sai ka ga kamar ruwa ne ake turawa ta bakin kwalba. Tun ƙarfe 4:30 na asuba fitilun motoci ke fara jeruwa daga Ikorodu, daga Berger, daga Abule Egba. Mutum ya bar gida yaransa suna barci ya dawo suna barci.

Abin da ya fi ba ni mamaki a watannina na farko shi ne gosulon da ba shi da dalili. Sai in ga motoci sun tsaya cik a tsakiyar gada, in juya kyamara gaba in nemi motar da ta lalace ko hatsari, in ga babu komai, titi fes. Wani tsohon ma'aikaci da ya koya mini aiki ya ce in daina kallon gaba, in kalli baya. Na mayar da hoton baya da minti goma, sai na ga abin da ya faru: wani mai danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, shi ne ya yanko hannu ba sigina, na bayansa ya taka birki, na bayan wannan ya taka fiye da shi, na goma ya tsaya gaba ɗaya. Mai danfon ya daɗe da isa Adeniji, ƙila ma ya sauke fasinja ya juyo, amma birkin da ya jawo yana nan yana tafiya da baya kamar igiyar ruwa, yana bin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Daga baya na ga hoton wani gwaji da masana suka yi a Japan, aka wallafa a 2008: motoci 22 a kan da'ira mai tsawon mita 230, aka ce kowa ya yi tafiya daidai ba sauri ba jinkiri. Babu danja, babu rami, babu ɗan kamasho. Ba a jima ba suka haɗa wa kansu gosulo. Da na nuna wa Baba a waya, ya kawo ta dab da idonsa, ya yi dariya har da tari, ya ce ashe su ma.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Hannu ɗaya na titi, idan tafiya tana kyau, yana wuce da ƙananan motoci wajen 1,800 a awa, wato mota ɗaya duk daƙiƙa biyu. Za ka ɗauka idan hannu ɗaya cikin uku ya toshe, kashi biyu cikin uku za su ci gaba da wucewa. Ba haka ba ne. Abin da ke wucewa yana faɗuwa zuwa kusan rabi, saboda kowa yana kokawar cusa hancinsa, kowa kuma sai ya rage gudu ya leƙa ya ga me ya faru. A ce motoci 5,000 ke zuwa a awa, 2,700 ke wucewa. Ragowar 2,300 ina za su? Jera su a hannu uku, ka ba kowace mita bakwai, ka samu layi na fiye da kilomita biyar a awa ɗaya tak. Shi ya sa idan mota ta mutu ƙarfe biyar na asuba jikina yake rawa fiye da idan ta mutu tsakar dare. Kuma ko an janye ta, layin ba ya watsewa nan take. Sai ka ji mutum a rediyo ƙarfe tara yana zagi wai ya kai wurin bai ga komai ba, ƙarya ake yi. Bawan Allah, abin da ya tsare ka an ɗauke shi tun kana wanka.

'Yan kallo kuwa, Allah ya shirye mu. Hatsari a hannun masu fita, gosulo a hannun masu shiga, alhali ko gilashi bai faɗo musu ba. Kowa da wayarsa a taga.

Na taɓa yin kuskuren da har yau idan na tuna sai in ji kunya. A bakinmu kowane titi biyu ne, mai shiga da mai fita, kuma kalmar nan ɗaya ita ce rabin aikin. Wata ranar Litinin wata bas ta mutu a kan Third Mainland bayan Adekunle. Kyamarar da na gan ta da ita wani ya juya ta da dare bai mayar ba, tana kallon baya, ni kuma ban duba ba. Na kira a oba-oba na ce mai fita. Janwe ya hau ta tsibiri, ya zo ya wuce bas ɗin tana can ɗaya hannun, kankare a tsakaninsu, direbobin suna kallon juna. A gadar nan ba a juyawa inda aka ga dama. Sai da ya je ƙarshe ya zagayo ya shiga cikin layin da ni na tsawaita. Minti arba'in da wani abu. Shugabar aikinmu ba ta ɗaga murya ba, ta dai sa na rubuta a littafi da hannuna abin da na faɗa da abin da ya kamata in faɗa. Tun daga ranar, kafin in buɗe baki sai na nemi wata alama a hoton, ruwa ta wane gefe yake, gidajen Makoko suna dama ko hagu.

Akwai abubuwan da ke sa ɗakin ya yi tsit. Ɗaya shi ne ƙaramar mota ta tsaya a gefen gadar nan, ƙofa a buɗe, mutum ya fito ya nufi ƙarfen bakin ruwa. Sau da yawa fitsari ne ya matse shi. Ba kullum ba. Ɗayan kuma tankar mai. Waɗanda suka riga ni aiki ba sa son a ambaci yammacin Alhamis 28 ga Yunin 2018, ranar da tanka ɗauke da lita 33,000 ta fetur ta kama wuta a gadar Otedola, motoci fiye da 50 suka ƙone, aƙalla mutum 9 suka rasu. Har yau idan tanka ta rage gudu a wannan hawan, za ka ga mutum uku sun miƙe tsaye ba tare da sun sani ba.

To a nan ne muke samun saɓani da Baba. Shi a wurinsa duk laifin duniya an ɗora wa direban babbar mota, alhali mai mota ne ya ƙi sayen taya, mai kaya ne ya yi lodin da ya fi ƙarfinta, titi ne ya karya mata sifirin, ƙananan motoci ne ke shiga gabanta kamar ba su san nauyin tan talatin ba ya tsayawa da fatar baki ba. Ni kuma ina ce masa, Baba, na ga kwantena a kan tirela ba a kulle ta ba, tana rawa a kan gadar Ojuelegba da mutane a ƙarƙashi. Na ga layin manyan motoci masu jiran shiga Apapa sun kwana sati a kan gada kafin a kawo tsarin Eto a 2021, wanda ya sa sai an kira mota kafin ta nufi tashar jirgin ruwa. Kowannenmu yana da gaskiyarsa. Amma akwai safiyar da na gane cewa abin da na sani daga bakinsa ya fi abin da kyamara ke nuna mini amfani.

Watan Fabrairu ne, lokacin da kayan gwari ke kwararowa daga Arewa. Ƙarfe biyar saura kwata na ga wata DAF shaƙe da kwandunan tumatir ta tsaya a Ojota, daidai inda masu fitowa daga hanyar Ibadan ke gangarowa su hau titin Ikorodu su nufi Ketu da kasuwar Mile 12. Wuri mafi muni da mota za ta zaɓa ta mutu. Saura mata 'yan kilomitoci ƙalilan bayan tafiyar fiye da kilomita 1,000. Na kira, jami'inmu ya isa a kan babur cikin minti bakwai, janwe ya biyo baya. Ina kallo a allo aka ɗaura sarƙa, janwe ya yi nishi, hayaƙi ya tashi, tirela ko gezau. Aka sake. Ko gezau. Sai na ga direban ya haye kan motarsa ya rufe ƙofa, jami'in yana dukan ƙofar da tafin hannu, mutane sun fara taruwa.

Oba-oba ta yi ƙara. Jami'in ya ce da ni da Yarbanci, wannan aboki ya ja birki ya ƙi saki, taurin kai yake yi, a turo 'yan sanda. Kalmar nan ta aboki, a bakin mutanen Legas, wani lokaci gaisuwa ce wani lokaci kuma ba ita ba ce, kuma wanda aka haifa a Agege yana jin bambancin tun daga sautin. Ban tsaya a kanta ba. Na ce ya kira ni a waya ya miƙa wa direban ta taga.

"Salamu alaikum. Baba, sannu da hanya."

Shiru. Sai na ji ya sauke numfashi. "Wa alaikumus salam. Wace ce?"

"Daga ofishin masu kula da titi ne. Ina ganinka yanzu haka, kana sanye da hula mai duhu."

Ya leƙo ta taga yana dube-dube, har ya ba ni dariya. "Ke 'yar ina ce?"

"'Yar direba ce, Baba. Asalinmu Kura. Daga ina aka yi lodi?"

"Kwanar Gafan. Yau kwana uku." Sai maganar ta ɓalle masa. "'Yata, ki gaya musu don Allah, ba ƙi na yi ba. Iska ce ta gudu. Tiyo ne ya fashe a ƙasa. Ina ta gaya musu ba sa ji. Idan suka ci gaba da ja za su kashe mini tayoyi, in kuma suka kai ta wani wuri suka kulle, kayan nan zuwa azahar sun zama ruwa. Kayan mutane ne, amana ce."

Ina jin ya ce iska, na ga kaina ina 'yar shekara tara a garejin Agege, Baba yana dumama mota da asuba, yana jiran allurar iska ta hau kafin ya motsa, ni kuma ina ƙorafin me muke jira. Birkin babbar mota ba irin na ƙarama ba ne. Akwai wani ƙaƙƙarfan sifirin a cikin tukunyar birkin tayoyin baya wanda aikinsa kullum shi ne ya danne birki, iska ce ke tura shi baya ta riƙe shi don mota ta samu tafiya. Idan iska ta zube, sifirin ya dawo ya kama tayoyi gam. Da gangan aka yi shi haka, don kada mota ta gangara ba birki. Wato mutumin nan bai ja komai ba, kuma ba birkin da zai saki. Ko dai a mayar mata da iska, ko a shiga ƙarƙashi a ɗaure sifirin ɗin da ƙusa tukunya bayan tukunya, sannan ta ja.

Na tambaye shi ina yaron mota. Ya ce ya tafi da gudu wajen makanikan Mile 12 neman tiyo tun kafin jami'in ya zo. Na ce ya sauko ya tsaya kusa da jami'in, ba wanda zai taɓa motarsa, ni na ɗauki wannan. Gaskiya ban da ikon ɗaukar wannan alkawari, shugabar aikinmu tana tsaye a bayana tana jin rabin maganar ba ta fahimta. Na juya na yi mata bayani cikin jimla uku. Ta dube ni, ta dubi allo, ta ce minti ashirin, bayan haka ba ruwanta.

Na koma kan jami'in da Yarbanci na ce a kwance sarƙa, a sa janwe ya koma baya ya kunna fitilarsa ya zama shinge, shi kuma ya koma sama ya fara haɗe motoci hannu ɗaya tun daga nesa, kafin su iso su cakuɗe. Wannan shi ne abu ɗaya da na sani yana rage ɓarna: idan aka haɗe su da wuri, ɗaya bayan ɗaya, sun fi wucewa da yawa a kan idan aka bar su suka zo bakin toshewar suna kokawa. Na tura sanarwa cewa masu zuwa daga Berger su miƙe kada su sauka Ojota. Sannan na zauna ina kallon agogo da wutsiyar layi tana tsawo, tana tafiya baya kamar maciji yana fita daga rami da jela.

Minti goma sha huɗu sai ga yaron a kan allo, ɗan siriri, da makaniki a bayansa riƙe da leda. Suka shige ƙarƙashin mota da fitilar waya. Ban ga abin da suke yi ba, ƙafafunsu kawai nake gani. Aka tayar da inji, aka jira. Na san abin da suke jira, allurar nan ce. Ƙarfe biyar da minti ashirin da shida motar ta motsa da ƙafarta. Direban ya fito da hannu ta taga ya ɗaga sama, ba ta wajen da kyamarar take ba, wajen wani allon talla. Layin bai gama narkewa ba sai wajen bakwai saura. Na yi sallar asuba a makare a lungun da muke shimfiɗa darduma kusa da na'urar kashe gobara.

Tun daga ranar, duk lokacin da babbar mota mai lambar Arewa ta tsaya, ko ba a ɓangarena ba, sai in ji an kira sunana daga ɗaya ƙarshen ɗakin. Kafin Babbar Sallah kuwa kusan tafinta nake zama. Kasuwar Kara tana jihar Ogun, da ka wuce Berger, ba hurumin Legas ba ce, amma idan motocin raguna suka fara sauke kaya a bakin titi wutsiyar gosulon har cikinmu take shigowa, sai an yi ta waya da jami'an can da na hukumar kiyaye haɗurra. Wani direban yana jin Hausa a waya sai ya fara ba ni labarin tun daga Illela, in ce Alhaji, a gafarce ni, matsar da ita tukuna.

Ba na son in sa ku ɗauka kullum haka ake ƙarewa. Ruwan sama yana kashe mana kyamarori a daidai lokacin da muka fi bukatarsu, wata kuma takan yi wata guda baƙi ƙirin ana cewa gobe. Akwai ranar da na kalli motar asibiti da jiniyarta a maƙale a Ikorodu Road minti ashirin, na kira duk wanda zan iya kira, ba inda motoci za su matsa. Akwai masu bin wanwe, waɗanda idan hannunsu ya cika sai su tsallaka na wasu su toshe shi ma, har janwen da zai buɗe musu hanya ya rasa ta inda zai bi. Kuma akwai watan Yunin 2023, bayan an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500. Alluna suka yi fayau. Third Mainland ƙarfe bakwai na safe kamar ranar Lahadi. Shekara huɗu ina addu'ar in ga titi haka, da na gani kuma ban ji daɗi ba, don ina ganin inda mutanen suka koma: tashoshin bas cike, wasu kuma a ƙafa, jere a gefen titi da jakunkunansu.

Ranar tumatir ɗin da na isa Agege, ban jira ya tambaya ba. Na zauna na ba shi labari tun daga farko. Bai ce na kyauta ba, Baba ba ya faɗin irin wannan. Tambaya ya shiga yi: wace irin DAF, taya nawa, tiyon na kan mota ne ko na bodi. Na ce ban sani ba, daga sama nake kallo. Ya yi tsaki ya ce tiyo ba ya fashewa rana ɗaya, tun Ogere yake huci, da mutumin ya kashe inji ya zagaya motar ya saurara da ya ji. Sannan ya sa ƙanwata ta jawo masa tsohuwar akwatin ƙarfensa daga ƙarƙashin gado. Ya lalube ciki da hannu ya fito da wani guntun tiyo baƙi, tsawon kamu ɗaya, da maɗauri biyu da suka yi tsatsa, ya ce shekara ashirin yana yawo da su a kan mota. Ya miƙo mini ya ce in ajiye a ofis.

Na ce, Baba, ni fa ina ɗaki ne, tsakanina da titi akwai nisa.

Ya ce in dai ajiye. Na sa a jaka. Ya gyara zama ya jingina da bango.

"To Berger fa? Ta tsaya?"

"Ta tsaya, Baba. Tun biyar da rabi."

"Mai shiga ko mai fita?"